Wanda Ya Goya Inna a Hanyar Tukunya

Tekenonta, ƙasar Wendat,
lokacin da masara ta kai gwiwa.

Zuwa ga yayana Tehorenta, wanda mutanen Kebek ke kira Inyas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka Ondakiye. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga tarin nan da ke kama mutane a ɗakunan dutsen Faransawa, Ya kuma haɗa ka da abincin da cikinka ya yarda da shi, don na san har yau ba ku shirya da gishirinsu ba. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Mijina Andehwa ya dawo daga su da kifi mai yawa, mun yi ta banda har hayaƙi ya kore mu waje. ’Yar autata ta fara tafiya, ta kuma gaji bakina, duk wanda ya taɓa ta sai ya ji a kunnensa. Masara ta yi kyau, kabewa ce kawai tsutsa ta ɗan taɓa. Kafin ka farke takardar nan ka duba ɗinkin bakinta. Irin ɗinkin Inna ne, ka san shi. In ka ga an sake shi, to wani ya riga ka karantawa. Da hannuna na rubuta, zaman da na yi wajen matan zuhudu bai tafi a banza ba, kuma ƙanin mijina na damƙa wa, ban ba wani fada mai baƙar riga ba. Kai ma kada ka nemi wanda zai taya ka karatu.

Yaya, an kashe Fada Lusiyen, wanda mu nan muke kira Gemu. Za ka ji labarin a bakin mutanensa, za su shirya maka shi tsaf har da hawaye. Shi ya sa nake so nawa ya riga shiga kunnenka, domin maganar ta shafi ƙasusuwan Inna, kuma sunanka ya fito a cikinta ta hanyar da ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Ba ka nan shekarar da agana ta ɗauke Inna, don haka bari in tuna maka. Da lafiyarta, duk ranar da Gemu ya shigo gidanmu da wa’azinsa, da ludayi take raka shi ƙofa. Cewa take ita ba inda za ta, me za ta je yi a aljannar Faransawa inda ba ta san kowa ba, ba a shuka masara, ba ta da wadda za su yi gulma tare? Inda uwarta da mijinta suka tafi nan za ta. Amma ranar da ciwo ya ci ƙarfinta, ba ta ma san wanda ke kanta ba, sai ga shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, wai zai sanyaya mata goshi. Na ga ya matse ƙyallen, na ga leɓensa yana motsi, kuma ni na san kalmomin, tun da an yi mini su a Kebek. Mutanen gida ba su lura ba. Ta cika, muka sa ta cikin akwatin ɓawon itace, muka ɗora bisa dirkoki kusa da na Baba, kamar yadda ake yi wa kowa.

To bana da ƙanƙara ta narke, dattawa suka ce gonaki sun gaji, gari zai tashi, saboda haka za a yi bikin Tukunya. Kowane gida zai sauko da matattunsa, a wanke ƙasusuwa, a naɗe cikin sabon bargon fata, a goya zuwa babban rami a Skandara, a gauraya su duka don su tafi garin matattu tare, kada wani ya yi tafiyar shi kaɗai. Ni da ma na san bikin na tafe, duk sanyin nan da ya wuce bargon Inna nake ɗinki, har yatsuna suka tsattsage. Ana cikin shiri sai Gemu ya zo wajen Kawu Otsirenda ya ce ita Inna ba za a kai ta ramin ba, an yi mata wankan Kirista, bai halatta a cakuɗa ta da waɗanda ba a yi wa ba. Ya ƙara da cewa ɗanta Inyas ma ya aiko da saƙo ta bakin masu kwalekwalen kaka, cewa a ware uwarsa. Ka san Kawu. Tashi ya yi tsaye ya ce yau ga abin mamaki, mutumin da ba mata, ba ɗa, gashi a haɓa kamar na kare, shi ne zai nuna masa inda ƙanwarsa za ta kwanta. Ya ce tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa jin ɗa ya tsallake kawunsa ya yanke magana ba, balle ɗan da ya je ya zauna yana cin burodin baƙi. Ya ce masa ya fita tun ƙafarsa na ɗaukarsa.

Ranar saukarwa muka tafi makabarta da kukanmu da bargunanmu. Aka sauko da Baba lafiya. Aka ɗaga akwatin Inna sai aka ji shi sakayau. Aka buɗe, babu komai sai ganyen da muka shimfiɗa mata. Wayyo Yaya, ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina a ranar ba, ko ranar da ta mutu. Ban tsaya jin shawarar kowa ba, da bargon a hannuna na nufi ɗakin addu’arsa. Bai yi musu ba, wannan kam zan faɗa masa. Ya ce tana nan a wajensa, a wuri mai tsabta, umarnin babbansu ne, shi ba ya da ikon kaucewa. Ya ce yana ƙaunar Inna duk da ludayinta. Na ce masa ƙauna ta ci gidansu, ɓarawon gawa kawai. Na tambaye shi, shi Allahn da suka koya mini cewa Ya san yawan ganyen daji, in an gauraya Inna da danginta kasa gane ta zai yi? Ya dai tsaya yana jan gemun nan nasa, idonsa a ƙasa. Na jefa masa bargon a ƙafa na ce ko ba komai ya rufe ta, macen da ba ta son sanyi ce. Na fito.

Kafin yamma magana ta cika gari cewa Kebek zai aika da ita a kwalekwale, inda hannunmu ba zai kai ba. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, kuma na bi diddigi ban samu ba, kowa cewa yake shi ma ji ya yi. Samari suka ce a cinna wa ɗakin wuta. Dattawa suka hana, suka ce in ɗakin ya ci har da Inna zai ci. Wannan shi ne abin da suka faɗa a fili, amma ni da kai mun san tukwanen ƙarfe da gatura da ke zuwa daga Kebek su ne a ransu. Aka ce a yi haƙuri, za a zauna a kan maganar bayan biki. Bayan biki! Bayan an rufe rami ke nan, sai kuma wata Tukunyar, lokacin da ’yata za ta isa aure.

Haka muka kama hanyar Skandara ba Inna. Ni na goya Baba. Kowa da goyonsa, ana tafe ana kukan hanya, hayee, hayee, irin wanda ake yi don kada matattu su yi wa mai goyo nauyi. Kawu yana tsakiyarmu bayansa fayau, bakinsa gum, ko sau ɗaya bai yi kukan ba. Da muka yada zango sai ya ce ya manta jakar tabarsa a gida, zai koma ya ɗauko. Yaya, jakar tana rataye a bayan wuyansa, da idona na gan ta. Amma wa ya isa ya tanka masa a wannan hali? Sai washegari ya cim mana, gashinsa a jiƙe kamar wanda ya yi wanka a rafi, ƙotar gatarinsa kuwa an kankare ta fes kamar sabuwa. Aka miƙa masa faten masara ya ce ya ƙoshi. Abin da na gani ke nan, ban ce na ga fiye da haka ba.

Muna Skandara, an riga an shimfiɗa fatu a cikin ramin, sai ga wasu mafarauta da ƙunshi a hannu. Daga nesa na gane ɗinkina. Suka ce sun tsinci Gemu a kife bakin ƙoramar nan ta kafin mararraba, an sare shi a ƙeya, ƙunshin yana ɗaure a bayansa da igiyar goshi irin tamu, jininsa ya gangaro ya jiƙa bargon. Ka tuna wurin: in ka haye ƙoramar ka ɗan taɓa tafiya, hanya ta rabu biyu, ta dama ta gangara bakin tafki inda kwalekwale ke tashi zuwa Kebek, ta hagu ta zo Skandara. Bai kai ga mararrabar ba. Nan take, kafin ma mafarautan su rufe baki, kowa ya ce Irokwa ne. Abokan gaba ne, sun shigo sun yi ɓarna sun gudu. Na ce to madalla, amma waɗanne irin Irokwa ne za su kashe mutum su bar masa wuƙarsa, da takalmansa, da fatar kansa? Andehwa ya ce ai kan Gemu ba abin da za a wahala a kai, gashin duk ya gangaro haɓa. Wasu suka yi dariya, na galla masa hararar da har yau bai manta ba. Na tambayi sawu, aka ce ruwan sama ya wanke. Ruwan nan dai ya san lokacin zuwa.

Sai wata rigimar ta taso. Ka san wanda ƙarfe ya kashe ba a sa shi a ramin, to wai jininsa ma haka, dole a sauya wa Inna bargo. Kawu ne ya fi kowa ɗaga murya, wai a ƙone wannan a kawo wani. Na rungume ƙunshin na ce babu mai taɓa shi. Ni na jeme fatar, ni na ɗinka, da sunan Inna na yi kowane ɗinki, kuma da na leƙa na tarar an wanke ƙasusuwan tas an jera su yadda muke yi, kai a sama. An sace ta sau ɗaya, ba za a sake tuɓe ta a gaban jama’a ba. Tsofaffin mata suka goya mini baya, suka ce lokaci na tafiya, a juya wajen jinin ciki a wuce wurin. Haka aka yi. Da hannuna na miƙa ta ga masu tsayuwa a ramin, na ga sun zuba ta kusa da inda suka zuba Baba, na ga sanduna sun gauraya su da sauran har ba a iya cewa ga wane ga wance. Inna ta shiga cikin danginta, Yaya. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma ban ɓoye maka ba, a ranar ko ɗigon tausayin Gemu babu a raina. Cewa na yi ɓarawo ya gamu da rabonsa a hanyar kai kayan sata.

Da muka dawo gida ne abin ya sauya. Gwaggo Yahenta ba ta je ba saboda ƙafarta. Muna zaune bakin murhu, Kawu ma yana nan da akushi a hannu, tana tuƙa fate sai ta kama dariya ita kaɗai. Ta ce Allah Ya ji ƙan Gemu, ya ba ta dariya ranarsa ta ƙarshe. Wai tana tsintar itace a bayan gari sai ta ji wani abu kamar kare ya haɗiyi ƙayar kifi. Ta leƙa, sai ga Gemu ya tattare baƙar rigarsa zuwa gwiwa, goyo a baya, yana tafe yana hayee, hayee, ta hanci irin maganarsu, in ya yi sai ya tsaya ya yi alamar gicciye, sannan ya sake. Ta ce ta ɗaga murya ta ce masa kai Gemu, ka bari kada ka sa matattu su shaƙe da dariya. Shi kuma ya juyo, gumi sharkaf, ya ce tsohuwar ta fi yadda ya zata nauyi, ya tambaye ta ko haka ake yi. Ta gyara masa, ya maimaita, ya wuce.  Kai ma ka san ba a yin kukan nan sai a hanyar Tukunya, kuma shi ne mutumin da ya sha tsayawa yana ce mana haushin kyarkeci ne, aikin shaiɗan. Kawu ya ajiye akushinsa a hankali ya fita, ba a sake ganinsa ba sai da rana ta faɗi.

Kada ka zata na haɗiye maganar Gwaggo haka nan. Na juya ta na sake juyawa. Kunnenta ɗaya ya daɗe da mutuwa. Ta sha cin busasshen inabin Gemu, kullum yana ɓoye mata a aljihu. Kuma ita da Kawu tun auren Inna ba sa ga maciji, tsaf za ta iya ƙirƙiro abin da zai hana shi barci. Na kuma ce ko Gemu ɗin ne ya yi wayo, yana kukan don duk wanda ya gan shi ya ƙyale shi ya wuce zuwa tafki. Amma wa zai yaudara a hanyar da ba kowa, gari duk ya tafi? Na tsare Gwaggo ita kaɗai na ce ta rantse, ta ce in tafi in ba ta wuri, ita ba ta rantse wa ’yar da ta yanke wa cibi.

Bayan haka babbansu ya zo da mutanensa. Ya tambayi wanda ya yi, dattawa suka ce Irokwa, suka shimfiɗa masa kyaututtukan share hawaye. Ya karɓa, amma yadda yake bin fuskokinmu da kallo ya nuna bai yarda ba. Sai ka ga abin da suka yi, Yaya! Suka tono gawar Gemu daga inda aka binne ta, suka raba ƙashi da nama, suka busar, suka naɗe kowane guda cikin alharini suna sumbata suna kuka. Har ƙasar da jininsa ya zuba suka kankare suka ƙulle. Su ne fa masu ce mana jahilai don muna shafa ƙasusuwan iyayenmu! Babban ya sa aka kira ni, ya ce ya ji akwai bargon da jinin shahidi ya jiƙa, yana so. Na ce yana Skandara ƙarƙashin ƙasa, in zai iya tsince shi cikin mutanen garuruwa da yawa, ga hanya nan. Ya ce ba komai, shi dai ya san Fada Lusiyen ya mutu ne yana cika umarni, yana kai ƙasusuwan baiwar Allah bakin tafki a tafi da su Kebek, kamar yadda ɗanta ya roƙa. Karo na biyu ke nan da na ji sunanka. Ban gaya masa abin da Gwaggo ta ji ba. In na faɗa, ko dai ya ce ƙarya ce, ko ya fasa sumbatar ƙasusuwan.

Jiya suka ɗauki akwatinsa zuwa bakin tafki, na bi su don in ba da takardar nan, sai dai na fasa na dawo da ita in ƙara wannan, tun da sai gobe za su tashi. Akwatin ɗan ƙarami ne, amma masu ɗauka sai sauya kafaɗa suke suna ƙorafin nauyi, ga su ba sa kukan hanya, sai motsa leɓe kawai. Muna isa ƙoramar nan sai aka ji murya daga cikin itatuwa, hayee, hayee. Ba a ga mai yi ba. Ta bi mu ta gefe, in mun tsaya ta tsaya, in mun tashi ta tashi, har bakin ruwa. Faransawa suka yi ta waige-waige, mutanenmu kuwa kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Ni na san muryar. Mai ita shi ne ya koya mana kukan nan ni da kai muna yara, ranar da aka kai Kaka.

Yanzu ga abin da nake so a wajenka. Ka gaya mini gaskiya, kai ka aiko a ware Inna? In ba kai ba ne, an yi ƙarya da sunanka, kuma ya kamata ka san irin mutanen da kake cin abinci da su. In kuwa kai ne, ka faɗa mini da bakinka, ba zan tsine maka ba, amma ka sani maganarka ce ta fara kunna wutar nan. Ka aiko amsa ta bakin ƙanin mijina, kada ka rubuta. Abu na biyu, kwalekwalen da zai kawo maka takardar nan shi ne ke ɗauke da akwatin. In ya iso, kada ka bar wa Faransawa, kai za ka saɓa shi ka hau tudun Kebek da shi, kuma ka yi masa kukan hanya, ko da a hankali ne, ko da za su harare ka. Har yau ban san hanyar da zai bi ba da ya kai mararraba, wataƙila ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne ya goya uwarmu a bayansa, kai kuwa ba ka goya ta ba.

Ka gaishe mini da Tsawenhe ’yar Gwaggo da mijinta da yaransu, ka ce mata uwarta tana nan da bakinta. Ka gaida tsohuwar da ta koya mini riƙe alƙalami, in tana raye. Andehwa yana gaishe ka, ya sa maka bandar kifi a ƙunshi, ka bincika kada masu tuƙi su cinye. Gwaggo Yahenta ta ce in ja maka kunne. Na tambayi Kawu ko yana da saƙo, sai da na juya zan tafi sannan ya ce in tambaye ka ko har yanzu ka tuna yadda ake kukan.

Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Ondakiye